Idon Malam Lafiya Lau Yake

Mun tashi da asuba daga Utai, ni da jikata mai karatu a jami'a, wadda take rubuta abin da nake faɗa. Tun da na fita takaba ban je ko'ina ba. Ita ta matsa min mu je Wudil, wai malamansu za su yi wa mutanen gari bayanin yanayi.

A mota na yi ta kallon gonaki ina hawaye. Malam, mijina, in ya dubi gabas ya ce a yi shuka, unguwa kaf ake fita da iri. A shekarunsa na ƙarshe sai ya ce a shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone. Ya daina zama majalisa. Har ya rasu yana cewa idonsa ya lalace, ya cuci mutane.

Mun sauka wajen masu soya kifi. Ga tsada, ga ƙaya ta fi tsoka yawa, amma na ci.

A zauren taron, wata malama ta zagayo da kwano cike da ƙasa da ta kwana a firij, tauri kamar dutse. Ta ce can ƙarshen arewacin duniya akwai ƙasa daskararriya haka, rani da damina, tun kafin kakanninmu, ciyawa da mushen dabbobi na cikinta ba su ruɓe ba.

Na ce, "'Yar nan, su ba a ɗauke musu wuta ne?"

Zaure ya kwashe da dariya. Malamar ta ce, "Iya, sanyin Allah ne, ba firij ba."

Ta ce hayaƙin injuna ya ɗumama duniya, ƙasar tana narkewa, abin da ke ciki yana ruɓewa, iskarsa tana tashi tana ƙara zafin. Zafin kuma yana rikita damina har a nan.

Na ce, "To mai duban gabas zai iya kuskure, ba da laifinsa ba?"

"Iya, mu masu na'ura ma daminar tana ba mu kunya."

Na dafa ƙasar. Ta fara tsatsafo da ruwa, ni ma haka.

Da la'asar muka dawo. Daidai maƙabarta na tsaya a bakin hanya, tunda mu mata ba ma shiga. Na yi sallama, na yi wa Malam addu'a. Abin da na je Wudil na koyo ba shi da yawa, kuma nasa ne, sai na ba shi.

Na ce, "Malam, idonka lafiya lau yake. Daminar ce ta sauya."