Saminu Bai Gudu Ba

Abin da ake faɗa a Gumel ƙarya ne. A tasha na ji shi, a bakin wani mai shayi da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai ta maharba. Wai Saminu ɗan Gagarawa Tasha ya yar da bindigarsa ya ranta a na kare, aka harbe shi a bayan wayar sansani. Wai da ma sojojin yanzu kaki kawai suka iya sawa. Wai ni kuma girki aka kai ni. To, ina wurin. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya ga dama ya yarda.

Sunana Hindatu, 'yar Maigatari. Babana dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi. Na gama sakandare na shiga soja don ina so, kada wanda ya tambaye ni dalili. Rana ɗaya aka ɗauke mu da Saminu, mota ɗaya muka hau daga Gumel. Yana ce mini 'Yar Kara, ina ce masa Ɗan Tasha. Ba saurayina ba ne. Wannan ma ƙarya ce da aka ƙara a kai. Ɗan gida ne a inda babu na gida, shi ke nan.

An kai mu wani ƙauye can yamma, a bakin dajin 'yan bindiga. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu ashirin da huɗu ne, mata biyu, ni da Rifkatu. Sansaninmu tsohuwar firamare ce da muka zagaye da ramuka da buhunan yashi da waya mai ƙaya. Mutanen ƙauyen ba sa son mu. In ka yi sallama da rabin baki ake amsawa. Ban ga laifinsu sosai ba, tunda mun zo ba a fasa sace su ba. Sannan wata guda kafin nan wasu sojoji a wani sansanin sun buɗe wa garke wuta, aka yi ta tsine mana a rediyo da wayoyi. Sai umarni ya sauko daga sama: kada wanda ya harbi dabba, ko me ake ciki. Ku riƙe wannan.

Gabas da wayarmu akwai gonar geron wata tsohuwa, Gwaggo Laraba. Ita kaɗai ke gaishe mu da baki cike. Geron ya fitar da kai, ya fi mutum tsayi. Saminu ɗan manomi ne, ba ya iya ganin akuya a cikin shuka ya zauna. Kullum sai ya jingine bindiga, ya ɗauki sandarsa, ya bi ta wani ɗan giɓi a wayar ya je ya kore su. Saje Bulus, shugabanmu, ya yi masa faɗa har ya gaji, ya sa shi tsallen kwaɗo sau biyu. Amsarsa ɗaya ce: "Oga, gero ne fa." Mu yi ta dariya.

Akwai wanda shi ma yake taya mu dariyar. Ɗan'iya, mai balangun da ke kawo mana nama a faranti ranar Talata da Juma'a. Rabin kunnensa na hagu babu. Yakan tsaya yana kallon Saminu yana cewa, "Soja manomi! Allah ya ba ka gona a Aljanna." A gabansa muka yi ta mitar umarnin nan na dabbobi. Ni da hannuna na sha ba shi ruwa a kofina.

Ranar Litinin ce. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa a jiƙe, kwaɗi na ta kuka. Biyar da rabi muka yi salla, rabi suna gadi. Shida da kwata aka dafa shayi. Ina ramin gabas Saminu ya miƙo mini kofi.

"'Yar Kara, sukari ya ƙare. Sha haka, da ma bakinki bai san zaƙi ba."

"Ai da ma an san 'yan Tasha da rowa. Ko ruwan rijiya sai kun auna."

Ya yi dariya ya zauna a kan buhu. Hirarmu ta ƙarshe ke nan.

Bakwai saura kwata na ji su. Ba kuka ba, takun kofato a cikin laka da karon ƙaho. Shanu ne, garke babba, sun fito daga bakin daji sun nufo gonar.

A kara na girma, na san shanu. Shanun kiwo mai su ne a gaba, yana tafe yana kiransu, suna bin sa kai a ƙasa. Kuma da wannan safiyar tatsa ake yi, ba a fita. Waɗannan babu kowa a gabansu. Kawuna a sama, wutsiya a miƙe, farare da jajaye a cakuɗe, babu maraƙi ko ɗaya. Shanun sata ne ake kora. Daga baya ake dukansu, kuma mai dukan ba ya son a gan shi.

"Saje! Akwai mutane a bayan shanun nan!"

Saje Bulus ya zo a guje ya leƙa. Na ga leɓensa na motsi. Umarnin yake tunawa.

"Kada kowa ya harba! Kowa ya shiga rami!"

Na juya. Bindigar Saminu na jingine a buhun yashi, kofinsa na kusa da ita yana tururi. Shi yana waje. Ya riga ya wuce giɓin, sanda a sama, yana gudu yana yi wa shanun tsawa. Gudu ya yi, gaskiya ne, amma wajensu ya nufa. "Kai! Har! Har!" Na ƙwala masa kira sau uku. Na ukun da sunansa na yanka na kira shi. Ko bai ji ba, ko ya ji gero ya fi ni.

Kuma ya juya su. Wannan ne ba wanda ya faɗa a Gumel. Ya tari bijimin gaba, wani ja mai dogon ƙaho, ya maka masa sanda a hanci. Bijimin ya karkata kudu, garken ya bi shi. Shanun na kaucewa sai ga mutane a fili, a duƙe, da bindigogi. A kan giɓin nan na Saminu aka saita garken. Da ya zo kai tsaye, da ya tattake wayar ya rufe mu a ramuka kafin mu ga fuska ɗaya.

Na ga wanda ya harbe shi. Bai fi taku goma tsakaninsu ba. Ya naɗa rawani amma ya zame, rabin kunnen na waje. Ɗan'iya ne. Saminu ya gane shi. Na ga ya sauke sandar kamar mai shirin gaisuwa. Harbi biyu. Bakwai saura minti biyar.

"Wuta!" in ji Saje.

Ban san sau nawa na ja kunamar bindiga ba. Ɗan'iya kaɗai nake nema, ya faɗa cikin gero ya ɓace. Bindigarmu mai jigida ta fara magana daga kan ajin tsakiya, ta kwantar da na gaba. Sauran suka baje a ciyawa. Harsashi na dukan buhuna, yashi na shiga mini baki. Shanu na kuka a kudu. Wani a raminmu na kiran uwarsa da wani yaren da ban sani ba.

Bakwai da minti ashirin babura suka ɓullo ta arewa, uku-uku a kan kowanne. Saje na ta ihu a rediyon oba-oba. Aka ce taimako na hanya, amma rafi ya kawo, mota ba ta ƙetarawa. Takwas da minti goma mai jigida ta yi shiru. Na jira ta sake tashi. Ba ta tashi ba. Gidan harsashi huɗu na fara da su, saura ɗaya. Rufin ajin ƙarshe ya kama da wuta.

"Ja da baya! Ta yamma! Ku ɗauki masu rauni!"

Takwas da rabi ke nan. E, mun ja da baya. Wanda ya ce shi da ya tsaya, ga hanya nan, ana ɗaukar sababbi kowace shekara.

Harsashi ya sami Rifkatu a cinya. Na ɗaure mata da igiyar takalmina, na rataya hannunta a wuyana. Muka ratsa ƙauyen. Kowace ƙofa a rufe, ko kaza babu a waje. Ƙofa ɗaya ta buɗe. Gwaggo Laraba ce, ta nuna da haɓa.

"Bayan rumbuna. Ku bi dawa har tsamiya, nan ne mashigi."

Sa'a biyu muna cikin dawa. Ganye na yankar fuska, laka na cire takalmi. Goma da rabi muka isa tsamiyar. Ruwa ja, yana gudu, ya kai ƙirji. Muka riƙe hannun juna muka shiga. Muna tsakiya aka fara harbi daga baya. Saje Bulus bai shigo ba. Ya kwanta a gindin tsamiyar da mutum biyu suna mayar da wuta. Na ji bindigarsa har muka hau gaɓa. Na ƙirga harbi tara bayan nan. Daga nan sai ƙarar ruwa.

Ƙarfe ɗaya muka ji babura a wannan ƙetaren. Muka kwanta a kunyar gyaɗa, fuska a ƙasa. Sun wuce kusa har ina jin warin mai. Rifkatu ta cusa hularta a baki ta cije don kada ta yi nishi. Tururuwa na hawa mini wuya ban motsa ba. Suna hira suna dariya, ɗaya na cewa naman yau ya yi arha.

Wajen la'asar Rifkatu ta yi nauyi. Na ce mata ga titi can, ina hango motoci. Ta ce in ajiye ta ta huta kaɗan. Na ce ba zan ajiye ba. Na ci gaba da yi mata faɗa har kwalta, ashe na daɗe ina yi wa gawa faɗa. Huɗu da rabi muka kai. Mu goma sha uku.

Bayan kwana uku muka koma da motoci kwasar gawa. Saminu na nan inda ya faɗi, sandar na ƙarƙashinsa. Hafsan da ya zo ya rubuta abu biyu: an same shi a wajen waya, babu makami a hannunsa. Duka biyun gaskiya ne. Na ce masa, "Yallaɓai, ba haka aka yi ba." Ya ce abin da ido ya gani ake rubutawa. Saje Bulus da zai tsaya mini yana cikin waɗanda muke lulluɓewa. Daga wannan takardar maganar ta bi wayoyi, ta riga ni zuwa gida.

Geron yana tsaye. Gefe ɗaya kawai aka tattake. Gwaggo Laraba ta yanko zangarniya uku ta ɗaure a tsumma ta ce in kai wa uwar Saminu. Na haɗa da sandarsa.

An ba ni hutun mako biyu. Ban sa kaki a mota ba, na gaji da harara. Daga Gumel na wuce Gagarawa Tasha kafin in je gida. Inna Asabe, mahaifiyarsa, na zaune a tabarma, mata sun kewaye ta suna ta "Allah ya rufa asiri" ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa gidan da aka yi abin kunya. Ban yi ƙasa da murya ba. Na tsaya a tsakar gida na faɗi duk abin da kuka karanta, har na waje suka ji. Na ajiye sandar da zangarniyar a gabanta.

Ta miƙa hannu ta shafa sandar.

"Da wannan ya fita?"

"Da ita, Inna."

"To, shi ne. Yana shekara bakwai ya tari raƙumin Buzaye a gonar ubansa. Na dake shi a kan haka." Ta ɗauki zangarniya ɗaya ta murza da babban yatsa, ƙwaya ta zubo mata a tafi. "Ya yi ido," ta ce. Ba ta yi kuka ba sai da na kai zaure.

A Maigatari Baba ya ce, "Hinde, ki ajiye kakin nan haka. Kin fita, ki gode wa Allah, ki bar wa Allah." Na ce na bar masa komai, ban da mutum ɗaya. Na tsuguna na zana masa a ƙasa shaidar da na gani a cinyar jan bijimin nan, zobe da karan tsaye biyu a ciki. Shanun sata ba sa tsufa a daji, sai sun ga kasuwa, kuma babu dillalin da Baba bai sani ba daga nan har ƙetare. Ya kalli zanen, ya kalle ni, ya goge shi da ƙafa. "Na gani," ya ce. Na san wannan "na gani" ɗin. Kowace Alhamis zai duba cinyar kowane ja da ya shigo kara, kuma zai tambayi wanda ya kawo shi.

Masu cewa in yi haƙuri su riƙe haƙurinsu. Ba shugabansu nake nema ba, ba lambar yabo nake nema ba. Mai rabin kunne nake nema. Ya sha ruwa a kofina. Ina so ya gane ni kamar yadda Saminu ya gane shi, in ba shi daidai lokacin da ya ba Saminu.

Jibi hutuna zai ƙare. Na riga na rubuta a mayar da ni yankin nan, ba wani wuri ba. Ni da Saminu mun tafi a mota ɗaya daga Gumel, shi a bakin taga don ya ce yana son ganin gonaki. Wannan karon ni zan zauna a wurin.