Baba a Ƙofar Tsohon Birni

Muna idar da sallar asuba muka bar Damagaram muka nufi Tanut, ƙanena na tuƙi, Baba na baya. Tun da innarmu ta rasu Baba ya fara ruɗewa, yakan fita ya kasa gane hanyar gida. Amma ya kafe sai an kai shi kufan birnin kakanninsa, can wajen Olelewa. Ni ban so tafiyar ba, tsorona ɗaya kada ya ɓace mana a daji.

Titin ya sha jiki, rami na bin rami. A Tanut muka karya da fura, muka taya cuku. Ya yi tsada, amma ƙanena ya cinye rabi kafin a gama ciniki, dole muka saya. Daga nan sai rairayi da ƙaya, ni kuwa rabin hankalina na kujerar baya.

Muka isa kufan. Ganuwarsa ta laka ce, mai kaurin gaske, duk ta zaizaye. Muka kutsa ta wani gurbi da ya rushe. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta yi mana tatas: ko katanga ta faɗi, a nan ta ƙofa ake shiga, ta ƙofa ake fita. Da ta huce, ta ce a da idan mahara suka taso, manomi da makiyayi nan suke gudowa da dabbobinsu, ga rumbuna ga ruwa. Yau rijiyar ce ta rage, ita ke shayar da garken yankin.

Ina waiwayawa, babu Baba. Muka bi kangaye muna kira, har rijiyar na leƙa.

A ƙofar birnin muka same shi, tsakanin tulin ƙasa biyu, riƙe da sandarsa kamar kakansa mai tsaron ƙofa. Na roƙe shi mu tafi, rana na yin ƙasa, hanyar ba ta dare ba ce.

"Ba a barin ƙofa da mutum a waje," ya ce. "Uwarku ta tafi itace."

Tsohuwar nan ta dube shi jim, ta juya. Da idona na gan ta ta fita ta gurbin da ta hana mu, ta tsinci ƙirare ta ɗora a ka, ta zagayo ta yi sallama a ƙofa. Baba ya amsa, ya ce ta daɗe, sannan ya bi mu mota.

Mun iso gida lafiya, yana barci. Kullum in ya nemi innarmu nakan tuna masa ta rasu, ya yi kuka sabo. Daga wannan tafiya na daina.