Kududdufin da Ke Ƙarƙashin Siton Iri

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da muka kai 'yan kwangila duba fili a Mayo Bani ba. Shekara guda ke nan da 'yan watanni bayan mun dawo Mubi daga gudun hijirar ƙarshen 2014. Ni ne mai kula da sito a tashar wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, inda na fara aiki tun ina lebura a gonar gwaji. Karatuna bai wuce firamare ba, sai dai Allah ya yi ni da yawan tambaya.

Tsohon sitonmu ya ƙone lokacin da ba ma gari, sai hedikwata ta amince a gina sabo, don ajiye irin masara da wake da za a raba wa manoman da suka dawo. Aka turo mana jami'ar ba da kwangila daga Yola, Madam Rifkatu. Sa'ar 'yata ce, Baba take ce mini. Ni a sanina, kwangila ita ce mai gida ya kira wanda ya yarda da shi, a yi ciniki, a tafa. Sai ga ta da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun manajan tasha.

Na ce, “Madam, takarda ce za a zuba ko zinariya?”

Ta yi dariya ta ce, “Baba, don kada mutum ɗaya ya iya buɗewa shi kaɗai ne. Ko ni.”

Tun daga nan na addabe ta da tambaya, ita kuma ba ta gajiya. Ta ce kowane ɗan kwangila zai kawo ambulan biyu a manne. Na farko ya ƙunshi yadda zai yi aikin, da ma'aikatansa, da gine-ginen da ya taɓa yi. Na biyu farashinsa. Sai wanda ya ci na farko za a buɗe masa na biyu, a gaban kowa, kuma mafi sauƙin farashi a cikinsu shi ke ɗauka. Na tambaye ta dalilin da ya sa ta mayar da ƙwaryar fura da nono da wani ɗan kwangila ya aiko mata. Ta ce idan ta sha tasa, sauran 'yan kwangilar za su ce da fura aka saye ta. Ta kuma ce duk mai tambaya a kan aikin ya rubuto, amsar kuma za a aika wa dukansu rana ɗaya. Wannan ta ƙarshe ta fi ba ni mamaki. Na ce a raina, mutum ya yi wayon tambaya, sai a raba ladar wayonsa da waɗanda ba su tambaya ba? Na bar shi a matsayin al'adar Turawa.

Cikin kamfanoni biyar da suka karɓi takardu har da na Yakubu Birkila, ɗan ƙabilar Gude, maƙwabcina a unguwar Yelwa sama da shekara ashirin. Ranar da muka gudu, shi ya goyi mahaifiyata muka haye duwatsu da ƙafa. Da muka dawo ya tarar an kwashe injin bulonsa da katakansa kaf. Wannan kwangila ita ce igiyar da zai kama ya miƙe, kuma duk unguwa ta san haka.

Ranar Talatar muka taru a filin da hantsi. Kowa ya sa hannu a rajista, don wanda bai zo duba fili ba ba a karɓar takardunsa. Injiniyan da aka turo daga Abuja ya nuna turakun da ya kafa, ya ce an haƙa rami biyu an gwada ƙasa, tana da ƙarfi, fandisho marar zurfi ya isa. Ina ganin turakun gabas na gane inda aka kafa su. A daidai wurin akwai tsohon kududdufi da aka riƙa ɗibar ƙasar gini. Ni da hannuna, zamanin leburanci, na cike shi da karan masara da gwangwanaye da sharar gona, muka rufe da ƙasa. Ciyawar wurin ma ta fi ta ko'ina kore, amma baƙo ba zai lura ba. Ramukan gwajin injiniya duka a yamma suke.

Madam ta ɗaga murya ta ce, “Akwai mai tambaya, ko mai wani bayani a kan filin nan? Har da ma'aikatanmu. Baba, kai ka fi kowa daɗewa a nan.”

Na buɗe baki, sai idona ya sauka a kan Yakubu, yana tsaye da tsohuwar hularsa ta kwano. Na ce a raina, ga abin da na sani wanda ba wanda ya sani. Me zai sa in zuba shi a faifai kowa ya ɗiba? Na ce, “Babu, Madam.”

Da la'asar na same shi a ƙofar gida yana gyara awon ruwansa, abin da yake duba daidaiton bango da shi.

Na ce, “Birkila, jam na? Lafiya dai? Matso in ba ka goron da ba a saya a kasuwa.”

Ya ce, “Sarkin Sito, in dai goronka ne na san ya bushe. Faɗi.”

Na gaya masa komai. Ya ce, “To ai dole a haƙa har a tarar da ƙasa ta gaskiya, a zuba kankare da rodi. In ba haka ba damina biyu bango ya buɗe baki.”

Na ce, “Shi ya sa na gaya maka kai kaɗai. Su za su rubuta shirme, kai ka rubuta gaskiya, injiniya ya ga ka fi su sani.”

Ya ce, “Useko, na gode, ɗan'uwa.” Na shiga gida ina jin na yi abin kirki.

Ranar buɗe akwati aka rufe karɓar takardu sha biyun rana daidai. Wani ya iso a keke sha biyu da minti huɗu, yana roƙo har da rantsuwa cewa shingen sojoji ne ya tsare shi, Madam ta nuna masa agogon bango ta ba shi haƙuri. Mako guda bayan haka aka kira waɗanda suka ci ambulan na farko, su uku, har da Yakubu. Madam ta riƙa ɗaga kowane ambulan na biyu a ga mannensa lafiya, ta yage, ta karanta farashin da ƙarfi. Na Yakubu ya fi na kowa tsada, da tazara mai yawa.

Wani ɗan kwangila ya kwashe da dariya ya ce, “Yakubu, sito aka ce ka gina, ba gadar kogi ba!”

Injiniya ya duba takardun ya ce fandishon da Yakubu ya ƙara ba ya cikin zanen da aka bayar, kuma doka ta ce a gwada kowa a kan zane ɗaya. Ya tambaye shi me ya sa ya ƙara. Yakubu ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai, ya ce, “Haka dai na ga ƙasan, ranka ya daɗe.” Aka ba wani kamfani na Yola.

Kwana tara da fara haƙa, diga ta fito da gwangwani a kusurwar gabas, sai baƙar ƙasa mai wari. Aiki ya tsaya. Aka ce sai an rubuta wa hedikwata, a sake zane, a sake amincewa. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga buhunan iri a ƙarƙashin tamfol. Na kwana uku ina juya abin, sannan na shiga ofishin Madam na zauna a ƙasa, ko da yake akwai kujera, na faɗa mata yadda aka yi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta ce, “Baba, da ranar nan ka faɗa a fili, ka san abin da zan yi? Takarda ɗaya zan rubuta in aika wa dukansu, injiniya ya gyara zane, kowa ya sa kuɗin fandisho mai zurfi. Yanzu cire abin da Yakubu ya ƙara, ka gwada da farashin da ka ji na karanta.”

Na san abin da ya ƙara, don ya gaya mini. Ban gama lissafin ba na ga amsar. A sauran aikin duka, shi ya fi kowa sauƙi. Da na yi magana a gaban mutum biyar, da shi ya ci.

Na ce, “To yanzu ba za a karɓe a ba shi ba?”

Ta ce, “Ba dama. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Dole in rubuta abin da ka gaya mini. Wanda ya samu bayani ta bayan gida, ba ya shiga neman kwangilarmu ta gaba.”

Na roƙe ta ta ɗora mini laifin ni kaɗai. Ta ce ni ma nawa yana zuwa, kuma ya zo: takardar gargaɗi, ita kaɗai a fayil ɗina har na yi ritaya. Amma kwangilar katanga da ta biyo baya, Yakubu bai ko karɓi takardunta ba.

Da aka amince da sabon zane, kamfanin Yola ya nemi birkilan da ya san ƙasar wurin, aka nuna musu Yakubu. Ya karɓi aikin yini, shi da ya kamata ya zama mai kwangilar. Na same shi cikin ramin har ƙirji, yana jefo shara da shebur. Na tsuguna a baki na gaya masa abin da Madam ta ce, ban rage komai ba.

Ya jingina da shebur ya dube ni. Sannan ya ce, “Wato da ka ƙi ni, da na ci.”

Na ce, “Haka ne. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Ni ma ina da baki ai. Ka faɗa mini, ban rubuta na tambaya ba, don na so in ci ni kaɗai. Miƙo mini ruwan nan, ka daina tsuguno kamar mai zaman makoki.”

An gama ginin sito, amma bayan ruwa ya sauka, kuma wani ɓangare na waken ya lalace kafin a shigar da shi. Ku da kuke aikin da ya shafi kwangila yanzu, za ku ga dokokin nan kamar an yi su don ɓarayi kawai. Ni ban saci ko ƙusa ba. Mutumin kirki na so in taimaka, kuma a garinmu wanda ya san abu ya ɓoye wa maƙwabcinsa shi ne abin zargi. Abin da ban gane ba shi ne, a teburin kwangila gaskiyar da mutum ɗaya ya sani nauyi ce a kansa, sai kowa ya san ta take zama ma'auni. In an tambaye ku a fili ko kun san wani abu, ku faɗa a filin. Wanda ya iya aikinsa ba ya bukatar raɗarku. Bukatarsa a auna shi da sauran a kan ƙasa ɗaya.