Dubiyar Mai Aswaki

Shekarun baya, ina da wani imani da ban taɓa zama na bincika ba: duk makarantar da ake biya da tsada a ƙasar nan ta fi wadda gwamnati ke riƙe da ita a gida. Na yi jami'a, na daɗe ina aikin fassara a wani ofishi a unguwar Bagdadiyya a nan Jidda, kuma ina ɗaukar kaina mutumin da ƙyalli ba ya ruɗarsa. Duk da haka wannan imanin yana nan zaune a raina, kamar da shi aka haife ni.

Babbar 'yata ta gama sakandare a nan Jidda, inda aka haife ta, ta ce aikin jinya take so. Kwalejojin gwamnati na nan ba su buɗe ƙofa ga 'ya'yan baƙi irinmu ba, saboda haka hanya biyu ce a gabanmu. Ko wata makarantar kuɗi da aka buɗe ba da daɗewa ba, mai gilashi tun daga ƙasa har sama, ko makarantar jinya ta gwamnatin jiharmu, inda ƙanwata ta yi karatu, take kuma aiki a asibitin da ke jikinta.

Ƙanwata ba ta yi min kwana-kwana ba a waya. Ta ce, "Yaya, ɗakin kwanansu fankar ba ta aiki, ruwa sai an ɗebo, ban ɓoye maka ba. Amma kafin ta shekara za ta wanke gyambo, ta juya tsohuwa a gado, ta ga haihuwa da idonta. Turo min ita."

Yarinyar ma can zuciyarta ta karkata. Hausarta a lokacin rabi da rabi ce, ta ce, "Abba, zafi mafi mushkila, ba matsala ba ne. Ni mutum nake so in koya a jikinsa." Na ce mata mutum ai ko'ina akwai shi. Abin da ban faɗa ba shi ne, iƙamarta, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin tawa take, kuma idan ta daɗe a waje riƙe ta zai yi wuya.

Makarantar kuɗin tana da ranar da take gayyatar iyaye su zagaya. Muka je ni da ita da mahaifiyarta. Aka hau da su sama ɓangaren mata, mu maza mudir, wato shugaban wurin, ya ja mu da kansa. Ya tsayar da mu a bakin wata ƙofar gilashi, ya ce wannan ɗakin marasa lafiya ne na makarantar, ɗalibansu ba sai sun jira wani asibiti ya ba su wuri ba. Ga gadaje a jere, ga mutane a kwance an ɗaura musu ruwa, ga samari cikin fararen kaya suna tsaye a kansu.

A gadon ƙarshe na ga fuskar da na sani. Wani dattijo ne ɗan Nijar da ya zo aikin Hajji tun da daɗewa bai koma ba, yana sayar da aswaki da turare a ƙofar masallacinmu a unguwar Hindawiyya. Ba shi da takarda, kuma kowa ya san irinsa ba sa kusantar asibiti sai ciwo ya kai su ƙasa. Ban san lokacin da na tura ƙofar ba.

"Baba, sannu. Yaushe abin ya same ka? Yaya jiki?"

Ya juya fuska ga bango, ya ce, "Alhamdu lillahi," can ƙasa-ƙasa. Mudir ya riƙo hannuna yana murmushi, ya ce an hana shiga, marasa lafiya na bukatar hutu. Na fito ina jin kunyar garajena, amma a zuciyata magana ta ƙare. Makarantar da ke kwantar da tsoho marar iƙama a gado mai tsabta, me kuma zan tambaye ta? A mota na ce da su, halas, shi ke nan, nan za ta yi.

Sai dai Bahaushe ba ya ganin na gida a gadon asibiti ya tsaya a sannu ɗaya. Washegari maiɗakina ta dama kunun gyaɗa, ta yi farfesu, na ɗauki yarinyar bayan la'asar muka tafi dubiya. Mai gadi ya dube ni, ya dubi kwanukan, ya ce nan makaranta ce, babu marar lafiya. Na ce jiya na gan su da idona. Da na matsa, ya ɗaga kafaɗa ya bar ni na leƙa. Gadajen suna nan. A kan biyu daga ciki mutum-mutumin roba ne an lulluɓe su har wuya, sauran babu kowa.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne tsohon ya cika. Ina tuƙi ina salati, ina tunanin wa zai karɓo gawar mutumin da ba shi da takarda. Muna karyo kwanar masallaci na hango shi zaune a gindin bango, faifan aswakinsa a gaba, yana ciniki da wani Bayamane.

Na tsayar da mota, muka sauka muka ƙarasa wurinsa. "Baba, jikin ya yi sauƙi haka?"

"Wane jiki, Ustazu? Aiki na tahi." Ya dubi hagu da dama. "Kai ma ka kusa sa a kore ni. An ce ko uwarka ta shigo kar ka amsa, kai kuma ka zo min da yaya jiki."

Ya ce duk ranar da iyaye za su zo, bas ke kwasarsu da safe, su kwanta har azahar, a ba su shinkafa da kaza da ɗan na shayi. Na tambayi ruwan da aka ɗaura masa. Ya ce filasta ce kawai aka manna, babu allura. Ya ƙara da cewa tun zuwansa Jidda bai taɓa barci mai daɗin na wannan sanyin ba.

'Yata ta ce, "Matan da muka gani a sama fa, Baba?"

"Ɗaya ai matar maƙwabcina ce, mai gyaɗa. Ita ta sama min aikin."

Ya karɓi kunun ya sa albarka. Yana gyara zama sai na ga ya yamutsa fuska. Ya janye zanen da ya rufe ƙafarsa, ga wani gyambo a idon sawu, ya kumbura, an naɗe shi da tsumma.

"Wannan shi ne na gaskiya," in ji shi. "Na gwada wa malamin makarantar, ya ce in ja bargo in ruhe, ni ciwona a hannu aka ce yake."

Yarinyar ta durƙusa a kan titi da abayarta, ta kwance tsumman a hankali, ba ta kau da kai ba. Ni ne na kau da kai. Ta ɗago ta ce, "Abba, ban san abin da zan yi masa ba." A ranar muka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi da ba a cika tambayar takarda ba, aka wanke ƙafar.

Har yau idan na tuna, ba yaudarar ce ta fi girgiza ni ba. Masu neman riba sun yi abin da suka ga yana kawo iyaye. Abin da nake juyawa shi ne yadda na yi saurin gaskatawa, ni da aikina kullum shi ne tantance abin da magana take nufi. Na ga tsohon da ƙafarsa a masallaci da asubar ranar, na kuma gan shi a gado da hantsi, ban haɗa biyun ba. Ina zaton ban so in haɗa ba ne. Ingancin karatu nake faɗa da baki, amma abin da nake so shi ne in riƙa jin motsinta a gida idan na dawo daga aiki.

Kafin watan ya ƙare na raka ta filin jirgi, ƙanwata ta tarbe ta a Kano. Iƙamarta ta mutu tana shekara ta biyu a can, ba a sabunta ba. Yanzu tana aiki a ɗakin haihuwa na asibitin garinmu. Sau ɗaya ta dawo Jidda tun daga nan, da bizar umra.