Dattijo da Ƙofar Fijo

Daga inda take dama fura a bakin garejin Sa'adu mai gyaran jikin mota a Wurno, Ikilima tana kallon wani dattijo da ba ta taɓa gani ba. Dogo ne siriri, hularsa ta koɗe, rigarsa kuwa ta sha guga. Tsohuwar Fijo a-kori-kura ya kawo, tana warin albasa, tsatsa ta cinye ƙofar gefen fasinja har ana hango ƙasa.

Sa'adu ya jingine masa ƙofa biyu. Ɗaya sabuwa ce ful 'yar Chana, sai ƙyalli take. Ɗayar ta asali ce, an ciro ta daga wata matacciyar Fijo, duk fentinta ya kwaile.

Dattijon ya durƙusa yana ƙwanƙwasa kowacce da zobensa, ya kara kunne, kamar mai sayen tukunya a kasuwar Gandi. Ikilima tana ta saƙe-saƙe. Tsohon direba ne? Manomin Goronyo ne da ya ƙi rabuwa da motar ƙuruciya?

"Wagga ta asalin," in ji shi, "mi yak kashe motar da anka ciro ta? Hatsari?"

"Tsuhwa ce kawai, Baba," in ji Sa'adu.

"Ka tabbata?"

"Wallahi."

Dattijon ya shafa ƙofar a hankali.

"To, ita za ka sa. Uwar ɗiyana ka zama gefen nan, kuma da mun hau hanya sai ta jingina ta yi kwana."

Ludayin Ikilima ya tsaya cak a cikin ƙwarya.