Injin da Mai Nasara Ya Sauke

A bakin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, inda lungunan yashi suke ƙarewa titi ya fara, akwai wata tsohuwar darbejiya da gindinta ya yi baƙi ƙirin da man inji. Nan ne garajin Mai Nasara. Babu allo, babu ƙofa, sai benci, da sarƙar ɗaga inji a rataye a reshe, da akwatin kayan aiki. Kakanninsa dukawa ne masu ɗinkin jaka da takalmi. Shi kaɗai ya bar fata ya kama ƙarfe, amma halin gidansu bai sake shi ba: abin da ya yage ɗinke shi ake yi, ba a yar da shi.

Shekara arba'in da ɗoriya yana kanikanci, bai taɓa sauke inji ya ɗora wani ba. Sai dai ya kwance shi kaf, ya baje kayan cikinsa a kan buhu, ya wanke, ya sa sababbin zobban fistan, ya mayar. Injunan da ake cirowa daga tsofaffin motocin ƙetare a kawo kasuwa kuwa, baƙin da ba a san asalinsu ba yake ce musu. Sauran makanikai suna yi masa dariya, amma in inji ya gagare su, wurinsa suke turowa.

Motar da ya fi sani a duniya ita ce bashen Falmata, wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Falmata taubashiyarsa ce, ɗiyar ƙanwar babansa da ta auri wani Babarbare ɗan kasuwa. Tun da mijin Falmata ya rasu ta riƙe sana'arsa, tana ɗauko rake daga lambunan Droum tana kawowa Zinder. Sau biyu Mai Nasara yana sake gina injin motar nan da hannunsa.

Wata Laraba da hantsi sai ga ta, ta zauna kan bencinsa ba sallama.

"Bawana, tashi ka ji. Inji nake so, babba, mai ƙarfi."

"Baiwa da ba da umarni? Me ya samu wanda na gina miki?"

"Ya tsufa kamar mai shi. Tudun yashin nan na fitowa daga lambu ya gagare shi. Kullum sai mun sauke rabin raken, a tura, a sake lodi. Kafin mu iso an gama cin kasuwa. Masu lambu biyu sun ce in na ƙara makara za su ba mai kamiyo, babbar motar nan, rakensu. Mutanen da marigayi ya yi shekara ashirin yana hulɗa da su, Mai Nasara."

Da ta kira sunansa ya san wasa ya ƙare. Ya sa Yunusa direbanta ya tayar da motar, ya ɗora bakin doguwar turnabis, ƙarfen kwance sukurori, a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Inji yana bugawa daidai, ba kuka, ba tari.

"Wannan in na buɗe shi na ɗan ƙara masa numfashi, zai hau tudun nan yana waƙa."

"Haka ka ce bara waccan."

Maganar ta sosa shi. Dama yana da wata ɗabi'a: ba ya yanke wa inji hukunci a inuwa, sai ya ji shi a inda yake shan wahala. Washegari bayan asuba ya bi su Droum.

A lambu ya tsaya yana kallo ana lodi. Ya ƙirga dammunan rake, ya leƙa ƙarƙashi ya ga yadda motar ta zauna. Kaya ne da injinsa zai ja ba gardama. Ya shiga gaba yana murmushi, yana shirya baƙar maganar da zai gaya wa Yunusa kan rashin iya sa bites, wato giyar mota.

Ba su yi nisa ba Falmata ta bugi ƙofa. "Tsaya, ga Inna Rahina." Wata tsohuwa ta hau da akuyarta. Gaba kaɗan wata mata da goyo za ta asibiti. Sai wani dattijo da buhun gero biyu, surukin mai lambu ne. Sai mata uku masu tallan kuka, sai malamin lakwal, wato makarantar boko, da babur ɗinsa da ya mutu, sai wasu mutum huɗu kuma. Ba wanda ya ɗaga hannu. Tsayuwa kawai suke a bakin hanya, sun san motar. Kafin a iso gindin tudu, mutum goma sha ɗaya ne a kan raken, ban da akuya da babur.

Motar ta kama hawa, ta yi gurnani, ta kai rabi, ta tsaya.

Mai Nasara ya sauko yana huci. "Ashe ba injina ba ne! Ke ce kika mai da bashe jirgin ƙasa. Ki daina kwasar jama'a, shi ke nan magana ta ƙare."

"To," in ji Falmata, ko gezau. "Ga su nan. Zaɓi wanda za mu bari gobe, ka gaya masa da bakinka."

Ya ɗaga kai. Mai goyon nan tana yi wa jaririnta fifita da bakin zane. Inna Rahina ta ƙura masa ido, can ta ce, "Kai ba ɗan Mamman Baduku ba ne na Birni? Kai, ga goshin nan! Yaya mutan gidan?"

"Lafiya lau, Inna," ya ce, har da rusunawa.

Ya tuɓe takalmi, ya sa kafaɗa a bayan mota tare da sauran maza. Yashi ya haɗiye ƙafarsa har ƙwauri. Yana turi yana lissafin abin da ya sani sarai: ko ya gina injin nan sau goma, iyakarsa ya ja rake. Ba zai ja rake da halin Falmata a haɗe ba.

Kwana huɗu ya yi yana zaryar kasuwar kayan mota. Duk injin da aka nuna masa sai ya sa an tayar da shi a ƙasa, a kan tsohuwar taya, ya tsuguna ya saurara. Masu sayarwa suka yi ta zolayarsa. "Yau Malam ya zo neman baƙi!" A ƙarshe ya zaɓi wani mai fistan shida. Da ya kawo shi bai yarda ya ɗora haka nan ba, sai da ya buɗe shi ya ga cikinsa da idonsa. Ya sauya akwatin bites, ya ƙara ƙarafan ɗaukar nauyi a baya, don kada sabon ƙarfi ya karya tsohuwar mota. Ranar da sarƙa ta ɗago tsohon injin, sai ya ce wai wani abu ya faɗa masa a ido, ya tafi bayan darbejiya ya daɗe.

Ran Alhamis suka koma. Rake, da mutum goma sha biyu, da rago. Yunusa ya taka, motar ta haye tudun ba ta ko yi tari ba, matan baya suka rangaɗa guɗa. Falmata ta dubi rana, ko hantsi bai yi ba.

"Madalla da bawana," ta ce. Sai kuma ta bugi ƙofa. "Yunusa, tsaya."

A kan tudun, ƙarƙashin wata aduwa, mutum huɗu ne a tsaye da kayansu, har da wata mai tsohon ciki.

"Falmata, ki ji tsoron Allah!"

"Ba kai ka ce fistan shida ba?"

Mai Nasara ya yi tsaki, ya buɗe ƙofa ya sauko. "Zo ki shiga gaba, 'yata," ya ce wa mai cikin. Ya tattare rigarsa, ya taka taya ya haye kan rake, ya matsa wa ragon ya zauna. Daga can ya ƙwala wa Yunusa kira:

"Kai kuma a bites na biyu za ka tashi, ka ji ko? A hankali!"