Soron da Ba Shi da Ginshiƙi

Ina yaro a wani ƙauye gabas da Ollelewa, lokacin da Nasara ke sa a fasa hanyar Tanut, kakata Iya Gambo ce ke riƙe da mu bayan magariba. Takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikokinta mu kewaye ta da ƙwaryar fura. Tatsuniyoyinta na dariya ne, sai guda ɗaya da ba ta yi sai hadari ya haɗu. Ita wannan ba ta yi mata gabatarwa, muryarta kawai ke sauka.

Wai wani falke ne mai raƙuma ya ga sorayen Damagaram, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Ya ɗauko wani tsohon magini, ya ce yana son ɗaki mai faɗi, babu ginshiƙi a tsakiya. Magini ya ce azara ba ta ɗaukar abin da ya wuce tsawon mutum a kwance, kuma nan giginya ba ta fitowa, daga kudu ake kawo ta. Ya ce a yi ƙananan ɗakuna, su ba gabas baya saboda ruwa, rufin ya karkata zuwa indararo, gyaransa kwandon ƙasa ɗaya da hantsi ɗaya. Falke ya sallame shi, ya sami wanda ya haɗa masa azara biyu-biyu.

Damina ta farko rufin ya lotsa a tsakiya, ruwa ya kwanta. Sai matar falken da ƴarsu suka riƙa hawa da ƙasa suna cike wurin. Kowace shekara raƙumi ɗaya ke tafiya wajen gyara, rufi kuma yana ƙara nauyi.

A nan Iya kan dube ni, ta ce, "Maigida, kwando-kwando matar nan ta kai ƙasar, da kanta, tana cewa tana kare ƴarta daga yoyo."

A damina ta huɗu, da rana tsaka, ana ruwa, yarinyar ta shige da dutsen niƙanta ciki. Uwar na ɗakin girki tana jin niƙa, sai ta daina ji. Rufin ya rufta. Iya ta ce har yau in hadari ya taso, mai wucewa ta kangon yakan ji ana niƙa. Daga nan ba ta ƙara komai, sai mu tashi muna riƙe da rigunan juna.

Na girma ina ɗauka darasin tattali ne. Da na zo yin nawa gida a Tanut, na yi ɗakuna ƙanana, maƙwabta na dariya, ni kuwa ban taɓa sayar da akuya don rufi ba. Ranar da aka gama, mahaifina, ya tsufa sosai, ya shiga ya miƙa sandarsa ya taɓa bango da bango. Ya tambaye ni wa ya koya mini, na ce tatsuniyar Iya.

Ya sauke sandar. Sannan ya ce, "Yarinyar nan, sunanta Hadiza. Yayata ce. Ina goye a bayan Iya ranar."

Tun daga nan, in zan hau gyaran rufi, sai kowa ya fita daga ɗakin tukuna.